Banɗakin Inna a Gidan Auta

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son in zo, sai ta ce da wanda ke kusa, "Kira min wancan." Idan mu biyu ne kawai a tsakar gida, sai ta yi gyaran murya. Haka matan garinmu suke yi da 'ya'yansu na fari. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafin abin ba idan na ga tana wasa da autanmu, tana tsokanarsa tana dariya har da riƙe ciki.

Ina ajin ƙarshe a firamare aka yi gobara a gidanmu na Miga. Da rana tsaka ne, bayan girbi, kara a jingine ko'ina. Tartsatsi ya tashi daga murhun maƙwabta, ya kama danga, ya haye jinkar ɗakin Inna. Auta na ciki yana barci, lokacin ko yaye shi ba a yi ba. Inna ta faɗa ciki ta fito da shi, gefen zanenta na ci da wuta. Ɗakin ya ƙone ƙurmus, da gadonta da kwanukan jerenta. Har yau tabon yana nan a ƙaurinta. Tun daga ranar wuta ta zama abin da ta fi tsoro a duniya, Auta kuma ya zama abin da ta fi so.

Da mahaifinmu ya rasu, ni na ɗauko ta na kawo ta Dutse. Ina aiki a sakateriya, gidana ɗan ƙarami ne da na gina a hankali, ɗaki bayan ɗaki. Na ba ta wanda ya fi samun iska, na sa mata silin roba fari mai sheƙi, irin wanda ake yayi a lokacin. Shekaru muka yi tare. Matata ce ke dafa mata ruwan wanka, 'ya'yana ke matsa mata ƙafa. Duk safiya kafin in hau babur sai na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ta hana a shigo da tukunyar gas gidan, kuma duk abin da aka jona a bango sai ta bi ta zare. Mun saba da hakan har ya zama abin dariya a wurin yara.

Shi Auta ya karanci harkar gini, ya yi shekaru yana bin manyan birane inda ake gina otal-otal da asibitoci. Da ya yi aure ya ce ya gaji da yawo, sai ya sayi fili a wata sabuwar unguwa da ke bayan duwatsu. Na yi masa murna da gaske. Ni na nemo masa masu buga bulo, ni nake leƙa aikin idan ba ya gari.

Wata Asabar ya zo da mota ya ce mu je mu ga inda aka kai, har da Inna. Mun tarar an gama rufi ana sa silin. Alluna ne manya, fuskarsu ruwan hoda, cikinsu wata farar ƙasa daskararriya kamar alli. Da su aka rufe sama, da su kuma aka raba wani ɗaki da banɗakinsa.

"Yaya, wannan allon ba ya saurin cin wuta," in ji Auta. "Akwai ruwa a ɗaure cikin farar ƙasar. Ko gobara ta tashi, zai tare ta kusan awa guda kafin ta haye sama. Bari ku gani."

Ya sa aka kawo masa wutar gas ta masu walda. Sai ya buɗe bayan mota ya fito da wani guntun silin roba fari.

"Ragowar da na gani a bayan tankinka ce, Yaya, na ɗauko don gwaji."

Yana kara masa wuta robar ta nannaɗe, ta tashi da baƙin hayaƙi mai wari, ta riƙa ɗiga ƙasa, kowane ɗigo da wutarsa. Ma'aikata suka ja da baya suna toshe hanci. Sannan ya juya kan guntun allonsa. Takardar saman ta yi baƙi, shi ke nan. Ya daɗe yana gasa wuri ɗaya, ya ce wa Inna ta taɓa bayan allon. Ta miƙa hannu a tsorace, ta taɓa, ta sake taɓawa.

"Ikon Allah," ta ce. "Ɗumi kawai."

Daga nan ta dubi baƙar robar da ke ƙasa. Na san abin da take tunani. A ƙarƙashin wannan robar take kwana. Ni kuwa ji na yi kamar ni aka gasa a gaban leburori. Na san Auta bai yi don ya tozarta ni ba, ɗokin abin da ya iya ne yake ɗibarsa, tun yana yaro haka yake. Amma duk faɗin Dutse ya rasa inda zai samo guntun roba sai bayan tankina?

Bai tsaya nan ba. Ya nuna mana wasu 'yan kawunan ƙarfe da suka leƙo daga silin, kowane da 'yar kwalba ja wadda ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya ce bututun ruwa ne ya bi saman gidan duka, daga tanki da injin tura ruwa. Idan zafin gobara ya kai ga kwalbar sai ta fashe, ruwa ya yi feshi a ɗakin ko da babu kowa. Inna ta ɗaga kai tana kallo, bakinta a buɗe.

"Wannan ɗakin fa na waye?" ta tambaya.

"Naki ne, Inna, duk ranar da kika ga dama ki zo ki huta."

Sai na bar su na shiga zagaye gidan ni kaɗai. Ba zan ɓoye ba, aibu nake nema. Na ƙwanƙwasa bango, na duba tagogi, na tattaka tayil ko zan ji wanda bai zauna ba. Komai daidai. Har na shiga ɗan banɗakin ɗakin Inna, wanda faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannuwa ya taɓa bango biyu ba. Na ɗaga kai. Babu kan feshi. Daɗin da na ji a lokacin, ko ƙarin girma aka yi min a ofis iyakarsa ke nan.

Na fito na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Auta, an manta banɗakin nan! Babu abin feshin a ciki!"

Ya yi murmushi. "Ba mantuwa ba ce, Yaya. A ƙa'idar da muke aiki da ita, ƙaramin banɗaki irin wannan an ɗauke masa, in dai bangonsa da silinsa na allon nan ne har bayan bahon wanka. Me zai ci wuta a ciki? Tayil ne da ruwa. Ko wani abu ya kama, allon zai tsare shi."

"Su masu ƙa'idar sun san Inna tana shiga wanka da kaskon garwashi lokacin sanyi?"

Ya yi dariya. "Ai na sa mata hita. Ta gama da kasko."

Ma'aikata suka taya shi dariya, ni ma na yi yaƙe.

Bayan su Auta sun tare da 'yan makonni, Inna ta aiko matata ta gaya min za ta je gidan Auta ta kwana biyu, ta taya amarya sabon wuri. Da ƙaramar jaka ta tafi. Bayan mako ta aiko a kai mata akwatinta. Daga baya aka zo aka ɗauki buzun sallarta da rediyonta da tsohuwar tasar da take ajiye goro. Babu ranar da aka zauna aka ce da ni Inna ta tashi daga gidana. Na wayi gari ne kawai na durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, na tuna babu kowa a ciki, na miƙe ina karkaɗe gwiwa kafin yara su gan ni.

Abin da ya biyo baya ya fi ci min rai. A da, duk ɗan uwan da ya taso daga Miga ko Taura zuwa asibiti ko neman takarda a sakateriya, gidana yake sauka. Ni ne babba. Yanzu sai su sauka a tasha su hau adaidaita su ce a kai su gidan da ke kashe wutarsa da kansa, kuma masu adaidaitar sun san gidan. Kawunmu, ƙanen mahaifinmu, wanda duk shekara yake kawo min gero da wake daga gonar gado, a wannan shekarar can ya sauke, aka ɗebo min nawa a buhu aka aiko. Da na je gaishe shi na same shi tsaye a falo, hula a hannu, kai a sama, Inna tana yi masa bayanin kwalbar ja kamar ita ta ƙera ta.

"Ka ga aikin ƙanenka kuwa?" in ji Kawu. "Allah ya yi wa yaron nan baiwa."

"Na gani, Kawu. Allah ya ƙara basira."

Na faɗa da baki. Na dawo gida na kwanta ina kallon silina mai sheƙi, wanda na taɓa kiran maƙwabta su zo su gani. Matata ta ce, "Kai fa kishin ƙanenka kake yi." Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce, "To ci abincinka," ta fita tana dariya ƙasa-ƙasa.

Na mayar da gaisuwata ta zama ta ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Wata Juma'a cikin tsananin sanyi na je, na tarar Auta ya tafi duba wani aiki a wajen gari, matarsa tana kicin. Ta ce Inna na ɗaki. Na yi sallama a bakin ƙofa, shiru. Na sake yi, shiru. Ga takalmanta, ga rediyo na magana. Na tura ƙofa. Babu kowa a kan gado, amma akwai ƙamshin turaren wuta kaɗan-kaɗan. Ƙofar banɗaki a rufe, an cusa tsumma ta ƙarƙashinta daga ciki.

Ban taɓa tunanin akwai ranar da zan buɗe wa mahaifiyata ƙofar banɗaki ba. Na tsaya na kira matar Auta da ƙarfi, na buga ƙofar, na ce "Inna! Inna!" Da ban ji motsi ba na sa kafaɗa.

Tana zaune a kan 'yar kujera da kayanta a jiki, kanta ya jingina da tayil, idanu a lumshe. Kasko na gabanta cike da garwashi jajir, zanenta na zuwa biki rataye a sama yana shan turare. Tagar a rufe gam. Iskar wurin ta yi nauyi har ni kaina sai da na ji jiri. Na sunkuya na ɗauke ta. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ina ɗan mitsitsi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki 'yata ta tsakiya. Na fito da ita tsakar gida, matar Auta na salati tana yi mata fifita, wani maƙwabci ya taro mana adaidaita.

A asibiti suka sa mata robar shaƙar iska. Likitan, wata mace mai natsuwa, ta ce garwashi a rufaffen wuri yana fitar da wata iska marar wari da ke kwantar da mutum ba tare da ya sani ba, kuma da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Na zauna a gefen gadon ina riƙe da ƙarfensa. Can wajen la'asar ta buɗe ido. Ta dube ni, ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta dubi matar Auta.

"Ina Auta? Kada ku gaya masa, hankalinsa zai tashi."

Na tashi na fita baranda. Ni na fasa ƙofa, ni na ɗauko ta, rigata har lokacin ƙamshin turarenta take yi. Na gode wa Allah da ta farka, na gode ƙwarai. Amma na tsaya a barandar nan ina kallon masu sayar da lemo a bakin ƙofar asibiti.

Auta ya iso a rikice, ya durƙusa a gaban gadon yana kuka kamar yaro, ita kuma tana shafa kansa tana ba shi haƙuri. A nan muka ji yadda abin ya faru. Ashe ranar da ta fara kunna turare a sabon ɗakin, wata na'urar jin hayaƙi da ke baranda ta ɗauki ƙara. Inna ta ɗauka ruwan ne zai zubo ya jiƙa mata katifa da akwati, ta kashe garwashin da sauri, ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta ɓata wa Auta gida. Tun daga nan take shiga banɗaki da kaskonta, ta toshe ko'ina don kada hayaƙi ya fita.

"Inna, wa ya ce miki ki shiga can?" in ji Auta.

"Ai wancan ne ya ce babu abin ruwan a banɗaki. Da kunnena na ji."

Ta faɗa ba tare da nufin komai ba. Ni dai na sunkuyar da kai. Magana ɗaya da na yi a gidan nan, ita ce ta riƙe.

Da muka fito waje Auta ya kama hannuna. "Yaya, ka faɗa min maganar kasko na yi dariya. Waɗanda suka tsara ƙa'idar ba sa shiga banɗaki da garwashi, ni kuma na kwaso ta yadda take na kawo gida. Kuma wuta kawai na yi ta tunani, ban tuna da iska ba. Ka yafe min."

Watanni na yi ina jiran ranar da zai ce ni ne da gaskiya. Da ranar ta zo, ban ji daɗin da na yi zato ba. Idanunsa sun kumbura, kuma ƙanena ne. Na ce ya bar maganar, tsautsayi ne. Amma ban bar damar ta wuce ba. Na ce ina ganin gara Inna ta dawo gidana, inda ta saba, inda za ta kunna turarenta a tsakar gida babu na'urar da za ta firgita ta. Ya ce duk abin da ta zaɓa.

Matata na aika ta tambaye ta, don ni ba za ta ba ni amsa ba. Ta dawo tana kame-kame.

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ka, Allah ya yi maka albarka."

"Sai me?"

"Ta ce can ɗin tana samun barci."

Ban sake tayar da zancen ba. Me zan ce? Matar da ta shekara da shekaru tana kwana da tsoron wuta ta sami ɗakin da take barci a ciki, kuma ba ni na gina shi ba.

Da aka sallamo ta, Auta ya ɗauki kasko da kansa, ya zuba turare, ya tsaya a ƙarƙashin kan feshin ɗakinta har hayaƙi ya turnuƙe, don ta gani da idonta cewa zafin gobara ne kaɗai ke fasa kwalbar. Na'urar baranda ta yi ta ƙara, ruwa bai zubo ba. Inna ta yi dariya har da hawaye. Ya sa aka huda bangon banɗakin aka saka 'yar fanka mai fitar da iska, aka cire sakatar ciki. Ni kuma na ba da shawara a yi mata rumfa a tsakar gida inda za ta riƙa turara kayanta a buɗaɗɗen wuri. Na kawo kafintana, na tsaya a kan aikin har aka gama. Inna ta so rumfar nan ƙwarai, can take wuni. Da baƙi suka tambaya, cewa take Auta ne ya yi mata.

Bara aka kira shi wani babban aiki a kudu, zai yi watanni. Kafin ya tafi ya kawo min makullin ɗan ɗakin da injin ruwan yake. Ya nuna min agogon da ke nuna ƙarfin ruwa, da inda allurarsa ya kamata ta tsaya, da yadda ake buɗe famfon gwaji a ji injin ya tashi. Ya ce ba shi da wanda zai amince wa sai ni. Na karɓa ina ɓata fuska, amma cikin ɗan lokaci na iya abin har na fara jin daɗinsa. Ina son ƙarar da injin ke yi idan ya kama.

Wata Juma'a ina tsugune a ɗakin injin, hannuna duk baƙin mai, sai na ji Inna a rumfa tana hira da wata ƙawarta da ta zo daga Taura. Baƙuwar ta tambayi waye ke ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe a baya.

"Auta ne ya sa a riƙa duba masa injin," in ji Inna. "Yaron nan ko yana nesa hankalinsa na kaina."

Na goge hannuna da tsumma, na kulle ɗakin, na zo na durƙusa na gaishe su. Baƙuwar ta gane ni ta ce, "Au, ashe babban ne da kansa!" Inna ta dubi gefe, ta tura kwanon furar da ke gabanta wajena da bayan hannu, ta ce da baƙuwar, "Ce masa ya sha, da sanyinta."

Na zauna a bakin tabarma na shanye tas, suka ci gaba da hirar Auta.